Da Fensir Nake Rubutawa

A kasuwar Sinnar na sayi littafin,
mai shuɗin bango, ganye arba'in.
Mai shago ya miƙo biro, na ce a'a,
ba ni fensir, ka haɗa min da magogi.

A shafin farko na rubuta da gadara:
kadada biyar ta albasa a bakin Nilu,
injin ban-ruwa kafin watan Rajab,
ɗakin jan bulo kafin Kulu ta haihu.
Na ja layi biyu a ƙasa
har bakin fensir ya karye.

Ashe kogi bai iya karatu ba.
Damina na tsakiya ya taso da dare,
ya kwana a gonata sati uku,
ya tafi ya bar min laka har gwiwa
da warin takalmin wani da ban sani ba.

Na zauna kan tudu, littafi a cinya.
Ban yaga shafin ba.
Na goge biyar, na sa ɗaya da rabi,
na hure dattin magogi, na yi shiru.
Can na ga ƙafata ta bushe cikin laka,
ta yi tauri, ta ƙi fita da wanki.
Na ce, ashe baƙon nan bai zo hannu rabbana ba.
A gefen shafi, da ƙananan baƙaƙe:
bulo dubu biyu kafin sanyi.

Dubu uku na gasa.
Sai na goge biyu, na rubuta shida,
don buri idan ya yi maka kaɗan
riga ce ta yara, ba ta rufe cibiya.
Kuɗin inji kuwa jaki suka zama,
da amalanke mai taya ɗaya sabuwa,
bulo ba ya kai kansa kasuwa.

Surukina Jatau ya leƙa littafin
muna shan shayi a ƙofar gida, nan Mai Wurno.
Ya ce, burinka hawainiya ne,
kullum da irin launin da zai waye gari.
Na ce, ka tuna kakana Barmo?
Daga Kazaure ya fito da ƙafa,
ya ce wa mutanensa shekara biyu zai yi.
Guzuri ya ƙare a Jazira,
ya tsinci auduga, ya yi aure,
ya dasa lemon da muke matsawa yau.
Sai da gemu ya yi fari fat
ya hau jirgin ruwa a Sawakin.
In an ce masa ya makara, sai ya ce,
gabas tana nan inda na bar ta,
zango ne kawai na yi ta sakewa.

Jatau ya kurɓi shayi bai amsa ba.

Akwai layi guda can sama
da magogi bai taɓa taɓawa ba:
kada gidan nan ya kwana da yunwa,
kada in ratse hanya don mai bina bashi.
Sauran duk sun sha guga,
takardar ma ta huje a wuri biyu.

Kulu ta haihu a ɗakin kara,
wata huɗu kafin a yi wa sabon rufi.
Yarinyar yanzu aji uku take.
Jiya ta tarar da ni ina lissafi,
magogin ya koma kamar ƙwayar wake.
Ta ce, Baba, injin nan fa, yaushe?
Sau huɗu ke nan yana ƙaura daga shafi zuwa shafi.

Na ce, bari mu ga abin da kogi zai ce bana.
Na feƙe fensir da wuƙar yankan kuɓewa,
na rubuta: bayan girbi,
na bar ɗan fili a gabansa.